Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ƙaramin Mai Kiwo Zai Sayar da Ragunansa da Amfanin Gonarsa ga Masu Saye na Kansa

Kiwo kusan kowa ya iya shi a ƙasar Hausa, tun daga matar aure mai tunkiya biyu a bayan ɗaki har mai garke a bakin gari. Inda ake barin kuɗi shi ne wajen sayarwa. Mutum ya yi wata uku yana ɗawainiyar harawa da dusa, ranar kasuwa kuma a taya masa abin da bai kai wahalarsa ba, ya sallama don kada ya koma da dabba gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu turka da ƙananan manoma suka fi maimaitawa a kan wannan matsala.

1. Me ya raba sayar wa mutanenka na musamman da kai dabba kasuwa?

Idan ka ja ragonka zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Mai'adua da Illela ranar Lahadi, ka shigar da shi cikin ɗaruruwan raguna. Mai saye bai san ka ba, bai san abin da ragon ya ci ba, kuma farashin da kasuwa ta tashi da shi ranar shi ne hukunci. Fatake masu loda tirela zuwa Legas su suke da ta cewa, mai raguna biyar sai dai ya bi.

Ɗaya hanyar ita ce ka fara da mai sayen kafin ka fara da dabbar. Ka zaɓi mutane ƙalilan masu wata buƙata takamaimai, ka san abin da suke so da lokacin da suke so, ka yi kiwon domin su. Abin da suke biya a nan ya wuce nama. Suna biyan natsuwar cewa dabbar lafiyayya ce, shekarunta sun kai, ba a yi musu algus ba, kuma za ta iso ƙofar gida ranar da aka yi alkawari.

2. Raguna biyar zuwa goma kawai nake turkewa. Wannan ya shafe ni?

Kai ya fi shafa. Mai raguna ɗari biyu dole ya bi ta kara, domin ba shi da masu saye ɗari biyu da ya sani da suna. Kai kuwa gida goma kake nema, kuma mai yiwuwa rabinsu suna cikin wayarka: ɗan'uwa ma'aikaci a Abuja, malamin makarantar unguwa, mai shagon magani, abokin da matarsa ta kusa haihuwa. Mata masu turka a cikin gida sun ma fi kowa wannan damar, domin su suke fara jin labarin ciki da ranar suna da sa ranar biki tun maza ba su ji ba.

3. Su wane ne masu sayen da ya kamata in nema?

Na farko masu layya, amma ba kowane mai layya ba. Ka nemi wanda ba shi da lokacin shiga kara, ko ba shi da wurin ajiye rago a gidan haya, ko an taɓa cutarsa ya sha alwashin ba zai ƙara sayen dabba hannun wanda bai sani ba. Cikinsu har da 'yan'uwanmu mazauna Legas da Fatakwal da Saudiyya da Ingila, waɗanda ke son a kai wa iyayensu rago a gida ba tare da kuɗin ya bi ta hannu uku ba.

Na biyu masu suna. Wannan kasuwa ce da ba ta da lokaci, domin haihuwa ba ta jiran wata. Kuma tana da ƙa'ida da ke taimakon mai kiwo: ranar bakwai ake yanka, don haka maigida kwana shida kawai yake da shi, ga hidimar asibiti, ga 'yan barka. Wanda ya san akwai mutumin da zai kira ya kawo masa rago daren suna, ba zai nemi wani ba a haihuwa ta gaba. Da yawa daga masu turka sun ɗora komai a kan Babbar Sallah sun manta da wannan, alhali ragon suna shi ne zai riƙa shigo maka da kuɗi tsakanin Sallah da Sallah.

Sai masu tsire da balangu da gidajen abinci da masu gashin rago sukutum a wajen biki. Su ba ruwansu da ƙaho ko kyan gashi. Nama mai laushi suke so da kitse daidai, shi ya sa ƙaramin rago da bai wuce shekara da rabi ba ya fi yi musu. Ba sa biyan farashin Sallah, amma suna saye kowane mako. Akwai kuma ma'aikata da magidanta masu son nama kaɗan mai kyau, waɗanda amsa ta 10 ta yi bayani a kansu.

4. Wane irin rago zan turke?

Ya danganta da wanda ka zaɓa a amsa ta 3. 'Yankasa shi ne ya fi yawa a Najeriya: fari, mai baƙi a kewayen ido da kunne da baki, matsakaici, mai jure wahala da ƙarancin abinci. Shi ne ragon suna da layyar mai matsakaicin ƙarfi, kuma ba ya kwantai. Uda, wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari, ya fi shi tsawo da girman jiki, an fi samunsa a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da cikin Nijar. Balami na ƙasar Barno fari ne tas, mai dogon kunne da lanƙwasasshen hanci, shi ya fi su duka girma, kuma shi masu hali suke nema.

Kada girman Balami ya ruɗe ka. Jarinsa babba ne, cinsa babba ne, kuma masu iya sayensa kaɗan ne. Idan ba ka riga ka san Alhajin da zai ɗauka ba, kuɗin Balami ɗaya gara ka raba shi a kan 'Yankasa biyu ko uku. A Senegal akwai masu kiwon tumakin Ladum da ke sayar da rago ɗaya a kan miliyoyin sefa, amma sun yi shekaru suna zaɓen iri da rubuta asalin kowace dabba kafin su kai nan. Mai son inganta iri a nan gida zai iya neman shawara a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya.

5. Waɗanne sharuɗɗan layya ne ya wajaba mai sayarwa ya sani?

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanenmu ke bi, sanannen zance shi ne rago ya cika shekara ɗaya, kodayake wasu malamai sun yarda da ɗan wata shida idan ya yi jiki. Hadisi ya ambaci aibi huɗu da ke hana layya: makantar ido ɗaya da ta bayyana, rashin lafiya da ya bayyana, gurguntaka da ta bayyana, da ramar da ta ƙarar da ɓargo. Malamai sun yi ƙarin bayani kan yankakken kunne, guntulen wutsiya da karyayyen ƙaho mai jini. Haka kuma a Malikiyya ragon da ba a dandaƙe ba shi ne a gaba wajen falala. Wanda ya saya da niyyar ibada ya gano daga baya cewa dabbar ba ta cika sharaɗi ba, ba kuɗinsa kaɗai ka ci ba.

Shekaru a baki ake duba su. Ka riƙe haɓar ragon da hannu ɗaya, ka janye leɓen ƙasa da babban yatsa. Haƙoran gaba takwas ne, duk a ƙasa. Idan dukkansu ƙanana ne masu kama da juna, na nono ne. Idan biyun tsakiya sun fito manya masu faɗi, ya yi famfara, wato yana tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi ko ya ɗan wuce. Rago yana iya cika shekara bai yi famfara ba tukuna, kuma a nan ne wanda aka haifa masa dabbar a gida ya fi ɗan kasuwa: yana iya faɗin watan da aka haife ta. Ka rubuta shi a littafi tun ranar.

6. Yaushe zan fara turka, kuma yaya zan yi da tsadar abinci?

Turka ta kan ɗauki kwana 60 zuwa 90, wasu su kai wata huɗu. Wuce haka sai ka ga abinci yana tafiya, nauyi ba ya ƙaruwa yadda ya kamata. Ka lissafa baya daga ranar da mai saye yake buƙata. Ka kuma tuna cewa Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara: a 2024 tsakiyar Yuni aka yi ta, a 2025 farkon Yuni. Ma'ana, shekarun nan turkar Sallah tana faɗawa ne cikin bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, zafi kuma yana rage wa dabba ci.

Maganin wannan a kaka yake. Harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa a saye su ko a tara su tun Oktoba da Nuwamba, a ɗora a kan rumfa ko a zuba a ɗaki inda rana da gara ba za su ci su ba. Harawar da ta bushe a inuwa ta riƙe korenta da ganyenta ta fi wadda rana ta mayar kara zalla nesa ba kusa ba. Rago mai kilo 30 yana cin busasshen abinci kamar kilo ɗaya a rana ko ya ɗan ɗara, a haɗa harawa da dusar masara ko ta alkama da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, ga gishiri ko kanwa kaɗan, ga ruwa mai tsabta kullum a gabansa. 'Ya'yan gawo ma abinci ne mai kyau inda ake samunsu. Dusa da hatsi kuwa a hankali ake ƙara su cikin mako biyu na farko. Ragon da ya saba da kiwon daji aka tula masa dusa ko tsaba rana ɗaya, kumburin ciki na iya kashe shi kafin gari ya waye.

7. Me zan yi game da magani da riga-kafi, kuma me ya haɗa su da ciniki?

Duk sabuwar dabbar da ka sayo daga kasuwa ka ware ta aƙalla mako biyu kafin ta haɗu da na gida. A ba ta maganin tsutsar ciki, a duba kaska da ƙazuwa, a yi mata riga-kafin PPR, cutar nan mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki wadda ke share garke cikin kwanaki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wannan allura, kuma ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukuma shi ne wurin tambaya. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci, a kira likita. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar saifa a wata gona a Suleja, kuma cuta ce da ke kama mutane.

Abin da ya haɗa wannan da ciniki shi ne kwanakin jira. Kowane magani na allura ko na sha yana ɗauke da rubutun yawan kwanakin da za a bari kafin a yanka dabbar, wasu har mako uku ko huɗu ko fiye. Yi wa rago allura ana jibi Sallah don ya miƙe a gaban mai saye zalunci ne ga yaran da za su ci naman. Haka ɗura masa ruwa da gishiri don ciki ya cika, da allurar da ke kumbura jiki. Wanka da sabulu da taje gashi ba laifi ba ne, gyara ne. Littafin da ka rubuta ranar kowace allura da sunan maganin, ka nuna wa mai saye shi. Ɗan kasuwar da ya sayo rago jiya ba shi da irinsa.

8. Da ido zan sa farashi ko da sikeli?

Ka fara sanin abin da ka kashe: kuɗin sayen dabbar, abinci har da harawar gonarka a farashin da za ka sayar da ita, magani, ruwa, igiya, ladan yaron da ke shara, kuɗin mota, da wani abu na asarar da ka iya faruwa. Masu turka da yawa suna cewa sun ci riba ne kawai domin ba su lissafa harawa da dusar gida ba.

Sikeli mai ƙugiya da buhu ko majanyi ya isa a auna rago, kuma ba shi da tsada. Amfaninsa biyu ne. Awon mako-mako zai nuna maka dabbar da ke cin abinci a banza. Sannan ga mai tsire da gidan abinci, maganar kilo ita ce magana: idan aka cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ya rage bai cika kai rabin nauyin rago mai rai ba, wato mai kilo 40 zai ba da kamar 17 zuwa 20. Mai layya kuwa ido da hannu yake saye da su. Zai danna gadon baya ya ji ko ƙashi na tokare masa yatsa, ya kama gindin wutsiya da ƙirji, ya ja baya ya dubi ƙaho da tsayuwa. A wurinsa kyan gani yana da kuɗinsa, kuma halal ne ka karɓa. Duk da haka ka faɗa masa nauyin. Ka kuma riƙa leƙa kasuwa ko da ba ka sayarwa, don kada farashinka ya yi nisa da na gari.

9. To, na rabu da dillali ke nan?

A'a. Dillali na gari yana da aikinsa: ya san wanda ya zo da kuɗi, ya san dabbar sata, kuma shi ne shaida idan rigima ta tashi a gaban Sarkin Tike, wato shugaban kasuwar dabbobi. Wajen sayo ramammun da za ka turke kana buƙatarsa, haka wajen fitar da waɗanda suka rage maka (duba amsa ta 15). Abin da za ka kiyaye shi ne a yanka la'ada tun farko, kuma ka tsaya a wurin lokacin da ake tayi, ka ji da kunnenka. Inda ake cutar mai dabba shi ne inda aka ja mai saye gefe aka gama magana, sannan aka dawo aka ce masa ga abin da aka taya.

10. Zan iya yankawa in sayar da nama maimakon dabba mai rai?

Za ka iya, kuma hanyar da ta fi sauƙi tun kakanni muke da ita, wato watanda. Ka tara mutum takwas ko goma, kowa ya biya kuɗin kashinsa kafin a sa wuƙa, a sa rana, galibi ƙarshen wata ko jajibirin ƙaramar Sallah ko farkon azumi. Mahauci ya feɗe, a shimfiɗa leda mai tsabta a inuwa, a fara kasa tsoka, a bi da ƙashi da haƙarƙari, sannan hanta da ƙoda da tumbi da hanji a yanka su yadda kowane kashi zai samu. Kai da ƙafa a yi musu kuɗi daban, fata ma haka. Idan an gama, wani ya juya baya a riƙa nuna kashi yana kiran suna, don kada a ce an yi son kai. Ribarka a nan ta fi ta sayar da dabbar a tsaye, kuma ba ka da ragowar da za ta lalace. A lura dai watanda cin nama ne, ba layya ba, domin ba a haɗa kuɗi a yi tarayya a ragon layya ɗaya.

Idan abin ya wuce na unguwa ya zama kana kai wa gidajen abinci ko shaguna, to yanka ya koma kwata, inda ma'aikacin lafiyar dabbobi ke duba nama. Ka gaisa da Sarkin Fawa, ka yi aiki da mahautan wurin, kada ka shigo kamar mai ƙwace musu sana'a. Ɗanyen nama a zafin Afrilu ba ya jira: yanka da asuba, kula da ƙanƙara, a kai kafin hantsi ya yi zafi. Kada ka dogara da firiza sai kana da sola ko janareta.

11. Yaya zan yi talla a waya ba tare da an damfare ni ba, ko a ɗauke ni ɗan damfara?

WhatsApp ya fi komai aiki, domin mutanen da suka riga suka san ka ne suke gani. Facebook da TikTok suna kawo baƙi, amma baƙo sai an yi tankaɗe da rairaya. Bidiyo ya fi hoto: ka ɗauki ragon yana tafiya, mutum na tsaye kusa da shi don a ga girmansa na gaskiya, ka buɗe bakinsa, ka nuna sikeli, ka faɗi kwanan wata da bakinka. Durƙusawa a ɗauki hoto daga ƙasa don ƙaramin rago ya zama kamar maraƙi yana kawo kira, amma ranar da aka sauke shi a ƙofar gida cinikin ya mutu. Ka sa wa kowace dabba lamba da fenti ko a wuya, don wanda aka gani shi za a kai.

Wajen kuɗi, kada dabba ta bar turke sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Saƙon alat da hoton rasit duk ana ƙirƙirarsu. Wanda ya ce ga direba nan a hanya, a ba shi rago, kuɗi na tafe, ka ce masa: "Alhaji, a yi haƙuri, in sun shigo yanzu za a ɗora." Mai niyyar biya ba ya fushi da wannan.

12. Wasu suna so su biya kaɗan-kaɗan, ni kuma in ci gaba da riƙe ragon har Sallah. Ya halatta, kuma wa ke da asara idan ya mutu?

Tsari ne mai amfani ga kowa. Ma'aikaci ya huta da neman kuɗi dunƙule a watan Sallah, kai kuma ka sami na sayen abinci kuma ka san kasuwarka tun da wuri. Amma a nan ne zumunci ya fi ɓaci, saboda haka a rubuta, da shaidu biyu. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a ƙulla ciniki a kan rago sananne mai lamba, ya zama na mai saye, kai kuma ka zama mai kiwon amana da ake biya kuɗin abinci da kulawa a wata. A rubuta abin da zai faru idan ya mutu ba da sakacinka ba, da idan ya sami aibin da ke hana layya (amsa ta 5), da idan mai saye ya kasa cika kuɗi. Hukuncin kafin alƙalami da na sayen abin da ba a karɓa nan take ba yana da rassa a fiƙihu, don haka ku kai takardar gaban malami ya duba kafin a sa hannu.

Shawara ɗaya daga gare ni: cikin kowane goma ka bar ɗaya da ba ka yi wa kowa alkawarinsa ba. Ranar da wani ya karye ko ya kwanta, shi zai fitar da kai kunya.

13. Kaiwa gida fa, musamman wani gari?

Cikin gari a-daidaita-sahu ta isa, a sa kuɗinta cikin ciniki tun farko. Tafiya mai nisa ita ce matsala. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ga masu karɓar haraji a hanya, dabba kuma tana zubar da nauyi. Ƙaramin mai kiwo ya haɗa lodi da 'yan'uwansa, da mutum ɗaya amintacce a kan motar, kuma a isa kwana uku ko huɗu kafin Sallah don dabbobi su huta su ci su sha. Kada a cusa, kada a ɗaure ƙafa huɗu a jefa a but. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne mai saye yana nesa, amma gidan da za a kai ragon yana kusa.

Masu sayo ramammu daga Nijar su riƙa sauraron labarin iyaka. An rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan a Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gab da Sallah. Duk lokacin da irin haka ta faru, wanda ke da tumaki masu haihuwa a gida shi ke da kwanciyar hankali.

14. Ban da rago, me kuma zan sayar wa waɗannan mutanen, kuma sai na yi rajista?

Gidan da ya yarda da ragonka ya riga ya buɗe maka ƙofa. Uwargidan da ta ji daɗin naman ita ce za ta tambayi kajin gida da zabi, ƙwan zabi da damina, man shanu, zumar da ba a haɗa da sukari ba, man gyaɗa, daddawar kalwa, garin kuka, busasshen zogale da kuɓewa, wake mara maganin ƙwari. Duk abubuwa ne da mutanen birni suke saye da zargi a ransu, kuma sun san sayen na gari mayar da kuɗi gida ne. Ka fara da abu biyu ko uku da kake iya samarwa ba yankewa. Idan na maƙwabci ne ka karɓo, ka ce na maƙwabci ne. Takin tumaki ma kuɗi ne wurin masu lambu da 'yan fadama, kada a bar shi a banza.

Sayar da dabba mai rai ko buhun wake ga wanda ka sani ba ya buƙatar wata takarda. Amma da zarar ka fara ƙulla kilishi ko dambun nama ko zuma a roba da suna a jiki don a ajiye a kanti, a Najeriya sai da lambar NAFDAC, kuma za a nemi rajistar sunan kasuwanci ta CAC. Ƙungiya ta fi mutum ɗaya sauƙin ɗaukar wannan nauyi. Sunan gari ma dukiya ne idan an kiyaye shi: albasar Galmi ta jihar Tawa da kilishin Nijar sun sami rajistar kare suna a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. Idan garinku ya yi suna a wani abu, ka ambace shi a tallarka, muddin kayan daga can suka fito.

15. Sallah ta zo, raguna sun rage mini. Yaya zan yi?

Kada ka karyar da su daren Sallah don tsoro. Ana layya har rana ta uku, kuma akwai masu jiran albashi ko masu jiran kasuwa ta sauka da ke saye ranar Sallah da washegari. Ka sanar da mutanenka cewa akwai saura.

Bayan nan ka raba su biyu. Waɗanda suka gama cika, ci gaba da ba su dusa asara ce, sai a fitar da su ta hanyar masu suna da biki, ko walimar dawowar alhazai da ke biyo baya cikin makonni, ko a haɗa watanda bayan wata ɗaya lokacin da soyayyen naman Sallah ya ƙare a gidaje. Ƙananan kuwa a rage musu abinci mai tsada, a mayar da su kan harawa ko ciyawar damina, su jira masu tsire ko zagaye na gaba. Idan kuɗin hannu ya ƙare kuma abinci ya ƙare, a kira dillalin amsa ta 9 a sayar da ɗaya don a ciyar da sauran. Makonnin bayan Sallah kuma su ne lokacin da farashin ƙananan raguna ya kan sauka, don haka mai ɗan jari a hannu a nan yake sayen na suna na watanni masu zuwa. Kafin mako ya cika, ka kira duk wanda ya saya wurinka ka yi masa barka da Sallah, ka tambaye shi yadda naman ya kasance da yawan kitsen da aka samu, ka rubuta amsarsa a gefen lambar ragon da ya ɗauka.